Amsa: Bangon gidan kwali yana lanƙwashewa bayan an manna takarda

Ka ce in ka manna takarda mai launi a bangon ɗan gidan kwalin da kake haɗawa, washegari sai ka tarar ya lanƙwashe. Malam, ka manna takarda a fuskokin kwalin biyu, ciki da waje, da gam iri ɗaya kuma a lokaci ɗaya. Farin gam na kafintoci ya isa, amma ka shafa shi kaɗan-kaɗan da guntun kwali har ya baje ko'ina, kada ya taru a baki-baki. Ka shimfiɗa leda sama da ƙasa, ka danne da littattafai masu nauyi ya kwana. Sai ya bushe sarai sannan ka yanka ƙofa da tagogi da sabuwar reza a jikin rula ta ƙarfe.

Farin gam akwai ruwa a cikinsa, shi ya sa takarda ke jiƙewa ta buɗe, in ta bushe ta tsuke ta jawo kwalin wajenta. In akwai wata a bayansa, kowace ta ja nata ɓangaren, bango ya tsaya a miƙe. Sai dai ka duba ramukan cikin kwalin kafin ka yanka, su tashi daga ƙasa zuwa sama, don in sun kwanta, bangon zai karye a kan layinsu da zarar ka ɗora rufi. Kada ka kai shi rana ko iskar hunturu don ya bushe da wuri, fuskar da ta riga bushewa ita ce za ta ja.