Amsa ga mai tambayar ma'anar "head on a platter"

Ɗan'uwa, ka ce shugabanka ya gaya maka cewa manyan kamfani "want your head on a platter", wato suna son kanka a kan faranti, kana neman ma'anar maganar da asalinta. Ni ma an taɓa jefa mini ita, kuma har yau ban manta da muryar da ta faɗe ta ba.

Turawa suna faɗin haka ne idan mutane sun fusata sun nace sai an hukunta mutum guda, galibi da kora ko saukewa daga muƙami. Asalinta labarin Annabi Yahaya ne, alaihissalam, kamar yadda ya zo a Linjilar Markus sura 6 da Matiyu sura 14. Hirudus, mai mulkin Galili, ya auri Hirudiya matar ɗan'uwansa, Yahaya ya ce wannan bai halatta ba, aka ɗaure shi. Ranar bikin haihuwar Hirudus 'yar matar ta yi rawa, ya rantse zai ba ta abin da ta roƙa ko da rabin mulkinsa ne, uwar kuma ta ce ta nemi kan Yahaya a kan faranti. Hirudus ya yi baƙin ciki, amma kunyar baƙinsa ta sa ya cika rantsuwar.

Wannan faranti shi ne abin da ya fi ci mini rai, domin ana miƙa mutum ne don a faranta wa wani, ko yana da laifi ko babu. Ina ma'ajin sito buhunan shinkafa suka ɓace, mataimakin manaja, wanda makulli na biyu yake aljihunsa, ya tsaya kusa da sikeli ya faɗa mini maganar a gaban lebura yana murmushi. Littafin kaya yana hannuna, na kasa rufe shi. Mutumin nan ya ci tuwo a gidana ranar sunan ɗana, kuma bai sake haɗa ido da ni ba har aka dakatar da ni.

Kada ka sa hannu a kowace takarda cikin fushi, kuma kada ka rubuta murabus da kanka. Ka ɗauki hoton duk rasit da ya bi ta hannunka tun yau. Ka sanar da iyalinka. Ni na ɓoye wa tawa mako biyu, ina fita da safe ina zama a masallaci har azahar. Ka nemi shugaban naka ya rubuta maka laifin da ake tuhumarka da shi da sunan wanda ya kawo ƙarar.