Yadda Ake Gano Inda Jirgin Ruwan Dakon Kaya Yake

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Mun haɗa jari da abokan sana'a mun sayi takin zamani, aka loda shi a zube cikin wani ƙaramin jirgin ruwa mai zuwa Apapa, amma kullum dillalinmu cewa yake jirgin yana hanya. Ta yaya zan san inda yake da kuma girmansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai, ka nemi dillalin ya ba ka lambar IMO ta jirgin, wato lambar shaidarsa ta Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, kada ka tsaya ga sunansa kawai, domin jirage kan yi tarayya a suna, kuma ana sauya wa jirgi suna da tuta idan an sayar da shi, alhali wannan lamba mai alƙaluma 7 tana nan tare da shi har ranar da za a farfasa shi.

Da lambar a hannunka, sai ka shiga MarineTraffic ko VesselFinder. Waɗannan shafuka suna tattara saƙon na'urar AIS mai bayyana jirgi ta rediyo, wadda yarjejeniyar kare rayuka a teku ta duniya (SOLAS) ta wajabta wa duk jirgin da girmansa ya kai tan 300 matuƙar yana zirga-zirga tsakanin ƙasashe. Na'urar tana sanar da matsayin jirgin, saurinsa da inda ya dosa. Sai dai a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Tashoshin da ke bakin teku galibi ba sa jin saƙon da ya wuce kimanin kilomita 70, bayanan tauraron ɗan Adam kuwa yawanci sai an biya, saboda haka ɗigon da ka gani a taswira yana iya zama na kwanakin baya. Ka duba lokacin da aka rubuta a gefensa. Tashar da za a je da ranar isowa kuma ma'aikatan jirgin ne ke shigar da su da hannu, kuma doka ta bai wa kyaftin damar kashe na'urar idan yana fargabar 'yan fashin teku, matsalar da Mashigin Gini, wato tekun da Legas ke bakinsa, ya yi fama da ita.

Game da girma, ƙananan jiragen dakon kaya a zube da ake kira Handysize suna ɗaukar tsakanin tan 10,000 zuwa 40,000, kuma akasarinsu suna da ƙugiyoyin sauke kaya na kansu. Adadin DWT da za ka gani a shafukan, wato jimillar nauyin da jirgin zai iya ɗauka, ya haɗa da mai, ruwan sha da guzuri, ba taki kaɗai ba. A ganina shafin Equasis ya fi muhimmanci ga mai dukiya a cikin jirgi, domin bayan rajista ta kyauta yana nuna shekarar ƙira, mamallaki da tarihin tsare jirgin saboda nakasu.

Idan ka ga jirgin ya tsaya cak a wajen Legas, to galibi ya jefa anga ne yana jiran layi, kuma wakilin jirgin a tashar ne zai faɗa maka ranar da za a ba shi wurin sauke kaya.