Lokacin da ya dace a je Okavango

Ɗan'uwa, ka tambaya wane wata ya kamata ka tashi daga Kaduna zuwa fadamar Okavango a Botswana don ganin namun daji. Ka je tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da mu nan damina ta kankama.

Can rani ne, amma a lokacin fadamar ke cika, domin ruwan da ya sauka a tsaunukan Angola watanni yake yi yana gangarowa. Giwaye da ɓauna sai su taru bakin ruwa, kai kuwa kana cikin kwalekwale, mai tuƙi na tura shi da doguwar sanda. Sai dai ka kama masauki da wuri, ɗakuna suna tsada a watannin nan. Ka riƙe rigar sanyi kuma, asubar Yuli can kamar tsakiyar hunturu take.