Sirri, Asiri da Kazar Aljihu: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan karon kusan duk sun karkata wajen waya da kwamfuta, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

Wani malamin firamare daga Gusau ya rubuto: "Malam, a rediyo nakan ji an ce kalmar sirri, wani lokaci kuma lambar sirri. Wanne ne daidai? Kuma me ya hana a ce kalmar asiri, tunda sirri da asiri abu ɗaya ne?"

Malam, duka biyun daidai ne, amma kowace da wurinta. Lambar sirri ita ce wadda aka gina da alƙaluma zalla, irin guda huɗun nan na katin cirar kuɗi da jama'a ke kira fin. Kalmar sirri kuwa takan haɗa haruffa da alƙaluma da wasu alamomi, irin wadda ake buɗe imel ko Facebook da ita. Bambancin ba na suna kaɗai ba ne. Alƙaluma huɗu, daga 0000 zuwa 9999, ba za su ba ka fiye da haɗi 10,000 ba, shi ya sa banki ke toshe kati in an yi kuskure 'yan lokuta a jere. Ba don haka ba, da mai haƙuri ya zauna ya gwada su duka. Ita ma kalmar sirrin, in mai ita ya yi kasala, sunan kawai gare ta. Shekara da shekaru 123456 ba ta barin sahun gaba a jerin waɗanda mutanen duniya suka fi sakawa.

Batun sirri da asiri ya fi daɗin bayani. Tushensu ɗaya ne, Larabci, sai dai ba ta ƙofa ɗaya suka shigo Hausa ba. Asiri ta shigo da harafin nan na farko da Larabawa ke liƙa wa suna, kamar yadda asuba da azahar da annabi da arziki suka shigo. Irin waɗannan tsofaffin baƙi ne, sun zauna har sun zama 'yan gida. Da asiri ta daɗe a bakin mutane sai ta yi rassa: akwai asiri na boka, akwai rufin asiri, akwai tonon asiri, akwai leƙen asiri. Sirri kuwa ta tsaya kusa da asalinta, abin da ba a so wani ya sani. In ka ce wa dattijuwa ta ba ka "kalmar asiri", tana iya zaton wani surkulle kake nema. Waɗanda suka zaɓi sirri a nan sun yi gaskiya.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi riƙe ni. Wata 'yar'uwa, ma'aikaciyar jinya a Maraɗi, ta ce ta sanya wa wayarta makulli, sai wani abokin aikinta ya yi mata dariya ya ce "mai kaza a aljihu ba ya jimirin as". Tana tambaya: shin karin maganar ya hau kanta? Duk mai ɓoye abin da ke wayarsa marar gaskiya ne?

'Yar'uwa, bai hau kanki ba, ko kusa. "As" ita ce kalmar korar kaji. Mutumin da ke cikin karin maganar ya saci kaza ne ya cusa a aljihu, to da zarar wani ya ce as, ko da da wata kazar yake, gabansa zai faɗi, yana tsoron ta motsa ko ta yi kuka asirinsa ya tonu. Ana faɗin wannan ga mai laifin da ke tsarguwa tun ba a kira sunansa ba. Ginshiƙin maganar shi ne kazar ta sata ce. Abin da ke wayarki kuwa naki ne: hotunan 'ya'yanki, hirarki da mahaifiyarki, saƙon albashinki, wataƙila har da sakamakon gwajin wani majinyaci da aka ba ki amana. Abokin aikinki ya ɗauki karin magana na ɓarawo ya yafa wa mai kaya.

Wannan ra'ayi na "in ba ka da abin ɓoyewa me kake tsoro" ya yaɗu ƙwarai tun da aka fara muhawarar sa ido a intanet, kuma ni ban ga inda ya yi daidai da tunanin Bahaushe ba. Harshen da kansa ya raba laifi da asiri. In muka ce Allah ya rufa mana asiri, ba roƙo muke ya ɓoye mana ta'asa ba. Roƙo muke kada rashinmu da rauninmu su fito fili. Mai rufin asiri shi ne wanda ko tukunyarsa ba ta hau wuta ba maƙwabci bai sani ba. Karin maganar da ya dace da ke shi ne "ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba", wato an yi shi har don ajiye magana. Kuma ki dubi yadda ake gina gida a ƙasar Hausa: baƙo iyakarsa zaure, a ƙofar wasu gidajen ma rubutawa ake "ba a shiga", kuma ba wanda ya taɓa cewa mai gidan kayan sata ya tara a ciki. Addini ya zo ya ƙarfafa wannan. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin mutane.

Wanda yake ganin maganar ta malamai ce kawai, ya tuna abin da manhajojin ba da bashi suka yi wa mutane a Najeriya. Mutum zai ranci 'yan dubbai, wajen sauke manhajar ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba, ashe ya ba ta damar kwashe lambobin da ke wayarsa. Ranar da ya makara da biya sai saƙo ya isa ga surukinsa da shugabansa a wurin aiki da limamin unguwarsu, ana kiransa macuci. Bai saci kazar kowa ba, talauci ne ya kama shi, aka tona masa asiri. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta far wa wasu daga cikin kamfanonin a 2022, kuma a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan da ke wayar mutane. A shekarar ce kuma, cikin watan Yuni, aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya. Tun kafin nan ma sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa kariya a kan gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Na kawo misalan Najeriya ne don su suka yi amo, amma hukuncin karin maganar ɗaya ne a Maraɗi da Katsina. Ki bar makullinki.

Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta daga Zariya ya tambaya: "Kutse ko dandatsa? Kuma akwai karin maganar da zan iya sakawa a farkon aikina na kammala karatu a kan tsaron manhaja?"

Ɗana, kutse daga kutsa take, wato shiga da ƙarfi ko cusa kai inda ba a gayyace ka ba. Tun kafin kwamfuta ana cewa wane ya yi mana kutse a magana, ko ya kutsa kai cikin taro. Ita ce 'yan jarida suka fi riƙewa in ana maganar shiga kwamfuta ko wayar wani ba da izininsa ba, kuma kowa na gane ta. Ɗan dandatsa wasu marubuta ne suka yayata ta, tana da armashi, amma a kunnena tana kawo sara da datsawa, alhali gwanin wannan aiki yakan shiga ya fita bai fasa komai ba, mai kaya ma ba zai sani ba sai bayan watanni. Ni kutse nake zaɓa. In kuma manhaja ce aka dasa don ta riƙa kwasar bayanan mutum a ɓoye, sunanta manhajar leƙen asiri, irin Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, wanda WhatsApp ya kai ƙara a 2019 bisa zargin an yi amfani da ita a kan wayoyi kusan 1,400.

Karin maganar da kake nema shi ne "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga". Asalinsa kan zumunci ne, ana nufin magabci ba ya samun kan 'yan'uwa sai sun ɓata a tsakaninsu. Amma ya zauna wa fanninku daram. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da majinyata gida. Tsagar da ta bi a Windows take, kuma Microsoft ya riga ya fitar da abin liƙe ta tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci yawancinsu ba su sabunta na'urorinsu ba ne. Lura da hikimar karin maganar: bai ɓata lokaci wajen zagin ƙadangare ba, don shiga rami ɗabi'arsa ce. Kan mai bango ya mayar da magana.

Sai dai zan ja kunnenka a wuri ɗaya, kuma wannan har da 'yan jarida. Ba duk wanda ya ce "an yi min kutse" aka yi wa kutse ba. Wanda aka kira a waya aka ce daga banki ne, ya karanto lambar BVN ɗinsa, wato lambar da bankuna ke tantance shi da ita, da lambar da aka turo masa, ko wanda aka ce za a saka shi a taron ƙungiya ya miƙa alƙaluma shidan da WhatsApp ya aiko masa, wannan ba bango ne ya tsage ba, shi ya buɗe ƙofa da hannunsa. Sunan abin damfara ko yaudara. Raba kalmomin na da amfani, domin maganin kutse sabunta manhaja ne da kalmar sirri mai ƙarfi, maganin damfara kuwa kame baki. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirrinka.

Wani mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya ce yaransa na gardama a kan manhaja: wasu sun ce kalmar makaranta ce, ba ruwanta da waya. Masu wannan magana ba su yi ƙarya ba, sun dai tsaya a rabin hanya. Manhaja daga Larabci take, ma'anarta hanya bayyananniya, kuma a Hausa ta fara zama ne da nufin tsarin abin da za a koyar aji bayan aji. Daga nan aka ara wa kwamfuta, tunda ita ma jerin umarni ne da na'ura ke bi ɗaya bayan ɗaya. Aron ya karɓu, an gama. Kalma in ta shiga bakin 'yan kasuwa da 'yan jarida lokaci guda, gardamar malamai ba ta fitar da ita.

Shi ma wannan mai gyaran ya ƙara da cewa: yanar gizo da intanet ɗaya ne? A bakin jama'a ɗaya ne, a wurin masana ba ɗaya ba ne. Intanet ita ce haɗakar na'urorin da kansu. Yanar gizo kuwa shafukan nan ne masu maƙale da juna waɗanda Tim Berners-Lee ya fito da tsarinsu a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke Turai, kuma a kan intanet suke tafiya. Na kan yi murmushi dai in na tuna wane ne Gizo a tatsuniya, mijin Ƙoƙi, sarkin wayo da cuta. Wanda ya fassara sunan saƙar gizo-gizo kawai ya nufa.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba ce da ke koyon Python, ɗaya daga cikin tsare-tsaren rubuta wa kwamfuta umarni, a Kaduna. Ta ce wani ya gyara mata da ta ce "yaren kwamfuta", ya ce "harshen kwamfuta" ake cewa.

'Yata, wanda ya gyara miki yana da hujja. Harshe ita ce kalmar da ba ta ɗauke da wani nauyi: harshen Hausa, harshen Larabci, harshen Fulatanci. Yare kuwa a bakin Bahaushe takan nufi maganar wasu da ba ya ji, shi ya sa ake cewa "sun juya yare", kuma wani lokaci tana zuwa da ɗan raini, abin da ya sa masu nazarin harshe ke kauce mata a rubutu. To amma a nan babu ƙabilar da za ta ji haushi. Python wani ɗan ƙasar Holan ne, Guido van Rossum, ya fitar da shi a 1991, takwaransa C kuma Dennis Ritchie ne ya tsara shi a Amurka a farkon shekarun 1970, ba wanda aka haifa da ɗayansu a baki. A jarrabawa da rubutun ilimi ki rubuta harshe. A hira da abokan karatu, in kin ce yare ba ki yi laifi ba. Game da aikin da kanshi, na ji masu cewa rubuta manhaja, da masu cewa gina manhaja, da masu cewa ƙirƙira. Layukan umarnin rubuta su ake yi, manhajar gaba ɗaya kuma gina ta ake, don tana da tushe da sassa, kuma takan buƙaci gyara bayan an gama. Ƙirƙira ki ajiye ta sai ranar da kika fito da abin da ba a taɓa yi ba.