Filin Tambayoyinku: Apt ya ishe ni da ƙorafi duk sanda na yi update

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Zariya, Ubuntu 22.04 nake amfani da shi a laptop ɗina, komai lafiya lau har ranar da na bi wani bayani a intanet na saka wata manhajar rubuta code, to tun daga ranar duk sanda na buga sudo apt update sai ya zubo min layuka rututu masu W a gaba, yawancinsu suna cewa "is configured multiple times", ɗaya kuma yana cewa "Key is stored in legacy trusted.gpg keyring". Update ɗin yana tafiya dai amma hankalina bai kwanta ba. Abokina ya ce in goge duk abin da ke cikin sources.list.d kawai in huta. Dan Allah in goge ne ko yaya?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka goge, ka gaida min abokin naka amma a nan bai ba ka shawarar kirki ba. A 22.04 in ka share wannan foldar, manhajojin da ka ɗauko daga waje za su ci gaba da buɗewa amma sun daina samun update kenan ba tare da ka sani ba, kuma abin ya fi muni ga wanda ke kan 24.04, don tun daga shi Ubuntu suka mayar da adireshin rumbunansu na asali, wato wuraren intanet da ake sauko da manhajoji daga gare su, cikin wani fayil mai suna ubuntu.sources a cikin wannan foldar dai, kaga wanda ya goge ta ya yanke wa kwamfutarsa hanyar samun komai.

Fara duba harafin da ke gaban layin. E shi ne matsala ta gaske, aiki ya tsaya. W gargaɗi ne, N kuma sanarwa ce kawai. Naka W ne shi ya sa update ɗin ke wucewa.

Maganar "multiple times" mai sauƙi ce wallahi. Apt, wato manhajar da ke saukowa da sabunta sauran manhajoji, yana karanta adireshin rumbuna daga /etc/apt/sources.list da kuma fayilolin cikin /etc/apt/sources.list.d/, to ya ga adireshi ɗaya a wuri biyu ne. Yawanci mutum ya kwafo umarnin ƙara rumbu ya buga shi sau biyu, ko ya ƙara da hannunsa sannan ita ma manhajar da ta sauka ta ajiye nata fayil ɗin. Kuma kar yawan layukan ya firgita ka, maimaici guda ɗaya tak yana iya haifar da gargaɗi da yawa saboda apt yana ƙorafi daban a kan Packages, daban a kan Translations, da sauransu. Abin da mutane ba sa yi shi ne karanta ƙarshen layin, alhali a nan amsar take, zaka ga wani abu kamar sources.list:52 and edita.list:1, wato layi na 52 a wancan fayil da layi na 1 a wannan (edita misali ne kawai, kai sunan fayil ɗin manhajarka zaka gani). Yi ajiya tukuna:

sudo cp -r /etc/apt /root/apt-ajiya

Sannan ka buɗe ɗaya daga cikinsu da sudo nano, ka je layin ka sa # a farkonsa, ka yi sebin, ka sake update. Ni na fi son a bar na cikin sources.list.d a kashe na babban fayil, ya fi tsabta kowace manhaja da fayil ɗinta. Af, kar ka ajiye kwafi a cikin foldar da suna irin edita.list.old, apt fayil mai ƙarewa da .list ko .sources kaɗai yake karantawa, zai fara maka wani sabon surutun na "invalid filename extension". In dole sai ka ajiye a nan to ka sa .bak, wannan yana wuce shi shiru.

Na makullin kuwa, wato gargaɗin "legacy trusted.gpg keyring", shi ne wanda nake so ka ba wa muhimmanci. Kowane rumbu yana sa hannu a kayansa, apt kuma yana tantance sa hannun da makulli. Tsohuwar hanya ta apt-key tana zuba duk makullai cikin /etc/apt/trusted.gpg, kuma duk makullin da ya shiga nan an yarda da shi a kan kowane rumbu, ba nasa kaɗai ba. Kamar ka ba ɗan garuwa makullin ƙofar gida ne ashe yana buɗe har ɗakin da kake ajiyar kuɗi. Zaka ga wasu suna cewa ka kwafe trusted.gpg ɗin zuwa trusted.gpg.d shikenan, eh gargaɗin zai ɓace amma yardar tana nan yadda take, an dai toshe wa apt baki ne. Gyaran gaskiya shi ne ka buga sudo apt-key list, ka nemo makullin manhajar, ka ɗauki haruffa 8 na ƙarshen doguwar lambarsa ba tare da tazara ba, sai:

sudo apt-key export HARUFFAN | sudo gpg --dearmor -o /etc/apt/keyrings/edita.gpg

Daga nan ka gyara layin rumbun ya fara kamar haka, sauran ka bar shi yadda yake:

deb [signed-by=/etc/apt/keyrings/edita.gpg] https://

In da arch=amd64 a cikin bakan tun da, bar shi, ka ƙara signed-by kusa da shi da tazara ɗaya. Ka yi update, in ya wuce lafiya sai ka cire tsohon da sudo apt-key del HARUFFAN.

TAMBAYA: Malam ina wuni, daga Maraɗi nake. Na koma Debian 13 yanzu yana ce min "Some sources can be modernized", matsala ce?

AMSA: Lafiya lau ɗan'uwa, ba matsala ba ce, sanarwa ce. Debian 13 da ya fito a watan Agusta 2025 ya zo da apt 3.0 wanda ya fi son sabon tsarin deb822, inda kowane bayani ke layinsa, Types, URIs, Suites, Components, Signed-By, maimakon a cusa komai a layi guda. Buga sudo apt modernize-sources, zai tambaye ka kafin ya taɓa komai sannan ya mayar da fayilolin .list zuwa .sources. Bayan ya gama ka leƙa na rumbunan waje ka tabbatar kowanne Signed-By ɗinsa yana nuna makullin da ya dace. Sai dai ka sani apt-key babu shi kwata-kwata a Debian 13, don haka duk bayanin da ka gani yana cewa apt-key add tsoho ne, wuce shi. In kuma kana son dakatar da wani rumbu a sabon tsarin, ba sai ka bi layi-layi da # ba, ƙara Enabled: no a cikinsa kawai.