Rajista, Lasisi da Cinikin Biri a Sama

Wani ɗan kasuwa daga Wunti, a Bauchi, ya rubuto cewa wani kamfanin kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet, ya nuna masa takarda mai hatimin hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, ya ce gwamnati ta ba shi lasisi. Yana tambaya ko rajista da lasisi abu ɗaya ne.

Alhaji, ba ɗaya ba ne, ko da yake duka biyun aro ne daga Ingilishi. Rajista shigar da suna ce cikin kundi, kuma iyakar abin da takardar CAC take shaidawa ke nan, wato akwai kamfani mai suna kaza. Lasisi kuwa, wanda dattawa suka fi kira lasin, kamar a lasin tuƙi, izini ne na yin wata sana'a takamaimai bisa sharuɗɗa, kuma wanda ya bayar yana da ikon ƙwacewa. A harkar kirifto wannan izini yana hannun SEC, hukumar kula da hannayen jari, wadda ta fitar da ƙa'idojinta a 2022, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta tabbatar mata da ikon. Hatta Busha da Quidax, kamfanonin cinikin kirifto, abin da suka samu daga SEC a Agustan 2024 amincewar share fage ce, ba cikakken lasisi ba. Haka nan ban yarda da masu cewa an "halatta" kirifto a Disamban 2023 ba, domin Babban Banki takunkumin hulɗa da masu harkar kirifto da ya sa wa bankuna a Fabrairun 2021 kawai ya janye, ita kuwa kalmar halal ta malamai ce.

Wata malama daga Tudun Wadan Gombe ta tambaya ko sayen kuɗin da ba a taɓawa da hannu shi ne cinikin biri a sama. Malama, ai shi birin ana ganinsa sarai a kan reshe, matsalar ita ce bai shiga hannun mai sayarwa ba, don haka karin maganar tana nufin cinikin abin da babu tabbacin za a damƙa maka. Kuɗin da mai POS yake tura miki ma ba kya taɓa su, amma akwai hukumar da za ki kai wa ƙara idan sun maƙale. Inda maganar ta zauna daram shi ne kan CBEX, wani dandalin zuba jari a kirifto, wanda ya rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, SEC kuma ta bayyana cewa ba ta taɓa ba shi izini ba.