Kundi Ya Tsaya a Babi na Uku: Me Zan Saya, Me Zan Bari?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, duka daga masu karatun digiri na biyu a fannin ilimin ƙananan yara. Dukansu sun gama zaman aji, kundi kaɗai ya rage. Aski ya zo gaban goshi ke nan.

Tambaya: Shekara guda da na gama darussa, amma kundina ya ƙi wuce babi na uku. Takena shi ne tasirin wasa a kan kaifin basirar yara 'yan ƙasa da shekara takwas. Ina koyarwa da safe, ga nawa yaran a gida. Ƙawata ta ce in sayi sabuwar kwamfuta da SPSS, manhajar lissafin bayanan bincike. Wani kuma ya ce in biya shi ya rubuta mini babi na huɗu da na biyar. Ina zan sa 'yan kuɗin da na tara?

Amsa: Malama, mu fara sallamar mai rubuta babin nan. Babi na huɗu shi ne abin da kika gano, shi kuwa bai taɓa zama a ajin yaranki ba, to me zai rubuta in ba ƙirƙira ba? Ranar kare kundi za a tambaye ki dalilin da ya sa aji guda ya fi ɗayan, kuma ke kaɗai za ki tsaya a gaban malaman. Ko kin tsallake ranar, maganar ba ta mutu ba. Annette Schavan ministar ilimi ce a Jamus lokacin da Jami'ar Düsseldorf ta ƙwace digirinta na uku a 2013, saboda kwafen da aka gano a kundin da ta rubuta tun 1980. Shekara 33 tsakani, kuma kujerar ma sai da ta sauka daga kanta.

Sai maganar da ba ki tambaya ba, wadda a ganina ita ce ta tsayar da ke. Takenki ya yi faɗi ƙwarai. A ƙidayar UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙuruciyar farko tana farawa daga haihuwa har shekara takwas, ke nan kin haɗa mai rarrafe da mai karanta littafi da kansa a kwando ɗaya. Wane wasa kike nufi, na guje-guje ko na kwaikwayon manya ko na jera tubala? Da me za ki auna kaifin basira? Babi na uku wurin bayyana hanyar bincike ne, kuma ba a tsara hanya zuwa inda ba a tantance ba. Ki je wurin malamin da ke duba aikinki da take mai kama da wannan: yadda yara 'yan shekara huɗu ke musayar magana lokacin wasan kwaikwayo, a aji biyu, tsawon mako takwas. Wannan abu ne da za ki iya gani da idonki, ki ƙirga, ki gama.

Kada ƙarancin yara ya tsorata ki. Binciken Perry da aka fara a 1962 a garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, wanda har yau ake kafa hujja da shi a fanninku, yara 123 ne kacal a cikinsa: 58 sun shiga wani shirin karatun share fagen firamare, 65 ba su shiga ba. Sai dai ƙarfinsa ya zo ne daga raba yaran gida biyu don a kwatanta, da kuma bibiyarsu har suka kai shekara 40. Ke wata biyu gare ki. Saboda haka ki cire kalmar "tasiri" daga taken, ki rubuta abin da kika lura da shi, kada ki ce wasa ne ya haifar da kaza. Masu jarrabawa sun fi saurin kama wannan kuskuren fiye da kowanne.

Yanzu kuɗi. Kada ki sayi SPSS kafin ki tambayi sashenku, don jami'o'i da dama suna da lasisin da ɗalibai ke amfani da shi. In babu, jamovi da JASP kyauta ne, kuma suna yin duk lissafin da kundi irin naki ke bukata, kamar kwatanta rukuni biyu ko duba alaƙa tsakanin abu biyu. Ki dai sanar da malaminki tun da wuri. Ki sauke Zotero, shi ma kyauta ne, ya riƙa jera miki manazarta bisa tsarin APA bugu na 7 (wata ƙa'ida ce ta rubuta manazarta) ko duk wanda sashenku ke bi. Kwamfutarki kuwa, muddin tana buɗe Word ba ta mutuwa a tsakiyar aiki, ki bar ta. In batir ne matsalar, batir za ki canza.

Inda zan so kuɗin su tafi shi ne wurin sayen lokaci. Ki biya wadda za ta kula miki da yara sau biyu a mako, sa'a uku-uku, ki fita daga gidan ki rubuta. Ki ware ladan wata malama da za ta kalli wani ɓangare na abin da kika kalla, ta yi nata ƙirgen daban, don a ga ko kun dace. Wannan yana ƙara wa kundi nauyi fiye da kowace manhaja. Sannan ki sayi ma'ajiyar bayanai ta waje, ki ajiye aikinki wuri uku. Ni kaina hirarraki tara na taɓa rasawa ranar da wayata ta faɗa ruwa, kuma biyu daga cikin mutanen ban sake samunsu ba.

Tambaya: Zan ɗauki bidiyon yara a aji don kundina. Shugabar makarantar ta amince. In sayi kyamara, ko wayata ta isa?

Amsa: Malam, kafin kyamara akwai takardu. Amincewar shugabar makaranta ta buɗe maka ƙofa ne kawai. Kana bukatar izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku kafin ka ɗauki ko minti ɗaya, da sa hannun iyayen kowane yaro, a takardar da ta faɗi wanda zai ga bidiyon, inda za a ajiye shi, da lokacin da za a goge shi. Bayanan da aka tattara kafin izini ana iya watsi da su gaba ɗaya. Shi ma yaron a tambaye shi da harshen da zai gane. Sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ba shi damar a ji ra'ayinsa a abin da ya shafe shi, kuma ɗan shekara uku da ya ɓuya bayan malamarsa ya riga ya ba ka amsa.

Wayarka ta isa ta fuskar hoto. Sauti ne zai ba ka wuya: muryar yaro ƙarama ce, aji kuwa hayaniya ne. Ka sayi ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a riga ko a ajiye kusa da wurin wasa, da sandar ɗora waya mai ƙafa uku, ka sauke ta daidai tsawon yaran. Ka kafa ta kwana uku ko huɗu ba tare da ka ɗauki komai ba, har su gaji da yi mata gwalo. Kuma ka yi hankali da yawan ɗauka: sa'a ɗaya ta magana takan ci sa'a huɗu zuwa shida wajen mayar da ita rubutu, ta yara ma ta fi haka. Manhajojin intanet da ke yin wannan aikin suna tura muryar zuwa kwamfutocin kamfani, don haka kada ka sa muryar yara a ciki in takardar iyaye ba ta ambaci hakan ba.

In za ka auna cigaban yaran, kada ka ƙirƙiro gwaji da kanka. Ka duba IDELA, ma'aunin da ƙungiyar Save the Children ta tsara don yara 'yan shekara uku da rabi zuwa shida, wanda aka yi amfani da shi a ƙasashe da yawa.

Tambaya: Saura gyare-gyare in miƙa kundina. In wuce digiri na uku, ko in biya kuɗin kwas ɗin Montessori da na gani a intanet?

Amsa: 'Yar'uwa, ya danganta da inda kike son wuni. In aji ne ko buɗe makaranta, horon aiki ya fi miki amfani. Amma ki sani sunan Montessori ba mallakin kowa ba ne. A Amurka tun 1967 aka yanke cewa suna ne na gama-gari, shi ya sa kowa ke iya buga shi a takardar shaida. Maria Montessori ta buɗe ajinta na farko a birnin Rum a 1907, kuma hanyarta ta ginu ne a kan doguwar lura da yaro da sarrafa kayan koyo da hannu. Kwas ɗin da ake gamawa a mako biyu ta waya ba zai ba ki wannan ba. Ki tambaye su sa'o'i nawa za ki yi a aji na gaske ƙarƙashin mai duba ki, da kuma wace ƙungiya ta amince da su, misali AMI, ƙungiyar Montessori ta duniya da Maria Montessori da kanta ta kafa a 1929.

Digiri na uku kuwa shekara uku ne aƙalla, sau da yawa fiye, kuma na mai son bincike ne ko koyarwa a jami'a. In kundinki ya bar miki wata tambaya da ke hana ki barci, ki nema. In kawai jin kunyar tsayawa ne, ki huta tukuna. Kafin ko ɗaya, ki zauna da takardar gyare-gyaren nan, ki bi ta layi-layi, ki rubuta shafin da kika yi kowane gyara a gefensa, ki miƙa kafin wa'adin sashenku ya cika, don wasu jami'o'in suna sa ɗalibi sake rajistar zango in ya wuce shi.